Irin kaktus ya tsiro, amma ƴaƴan suna zubewa: ina mafita?

Maman Nafisa, Garin Malam

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sha'awar shuke-shuke. Ina neman shawarar wanda ya taɓa tayar da kaktus, tsiron nan mai ƙaya da ke jure rashin ruwa, daga iri, ba daga reshe ba.

Ƙanena da ke aiki a Yamai ne ya aiko mini da ƙullin iri a ƴar takarda, an rubuta a jiki cewa gauraye ne, wato kala-kala a haɗe. Baƙaƙe ne ƙanana, wasu ma sai ka kai ido kusa kafin ka gan su. Na daɗe ina son wannan tsiro saboda halin ruwa da muke ciki a Damagaram. Duk mazaunin garin nan ya san bazara: pampo ya ɗauke, a koma sayen bidon a wurin ƴan ga-ruwa, kuma ruwan da ka saya da kuɗinka ba za ka iya zuba wa fure ba alhali ga girki ga wanki suna jira. Furannin da nake jerawa a tsakar gida ba sa ƙetare watan Mayu. Ni kuwa ina son in buɗe ƙofar ɗaki da safe in ga wani abu kore.

Ga yadda na yi. Na yanke gindin robar ruwa, na huda ta, na cika da rairayin ƙofar gida da ɗan takin awaki, na barbaɗa rabin irin, na yayyafa ruwa, na ɗora a kan katanga inda rana ke samunsa tun hantsi. Alhamdu lillahi sun tsiro da yawa, ƴan dunƙule-dunƙule kore, kowanne bai wuce ƙwayar gero ba, da ƴan kunnuwa biyu a ka. Sai dai murnata ba ta daɗe ba. Wasu sun rikiɗe sun yi ja, wasu gindinsu ya yi laushi ya zama ruwa-ruwa sun kwanta, kuma na ga wani farin abu mai zare-zare ya shimfiɗu a kan ƙasar. Yanzu waɗanda suka rage ba su da yawa.

Tambayata: shin ruwa ne ya yi musu yawa ko kaɗan? A rana ake ajiye su ko a inuwa? Sauran irin da ke hannuna yaushe ya kamata in shuka? Maƙwabciyata ta ce in daina wahalar da kaina, ai ƙerana ce, in sa a yanko mini reshe daga ƙauye in kafa. Ni dai zuciyata tana kan irin nan, ina son in ga tashinsu tun daga farko.

Baba Mai Lambu, Miriya

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya sa albarka a hannunki, tunda har suka tsiro irinki mai kyau ne, kada ki yi wasa da sauran.

Abin da ya sa mutane ke rasa ƴaƴan kaktus abu ɗaya ne: suna kallon babba su yi wa ƙarami hukunci. Babban kaktus ya tara ruwa a jikinsa, fatarsa ta yi kauri, ƙayarsa tana yi masa inuwa, shi ya sa yake wata da watanni ba ruwa. Wanda ya fito jiya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saiwarsa zare ɗaya ce, in saman ƙasa ya bushe yini guda ya tafi. Ko a ƙasarsu ta asali ba a fili suke tashi ba. Akwai wani dogon kaktus mai hannuwa da ake kira saguwaro, a hamadar Sonora tsakanin Amurka da Meziko. Ƴaƴansa a gindin wasu itatuwa suke rayuwa, cikin inuwa da busasshen ganye, kuma a shekara 8 na farko tsawonsu bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Ba ya fitar da hannu sai ya kai shekara 50 ko fiye. To in wanda zai zama ƙaton hamada yana buƙatar inuwa yana ƙarami, ina ga naki da ke kan katanga a ranar Mayu ta Damagaram, da zafi ke haura digiri 40?

Don haka jan da kika gani, rana ce. Tsiron yana kare kansa ne, kuma in ya yi ja sai girma ya tsaya. Wannan yana gyaruwa: sauke su yau ɗin nan, ki kai su inda haske ke shiga amma rana ba ta taɓa su kai tsaye, kamar ƙarƙashin rumfar zana. Da yawansu za su koma kore.

Waɗanda gindinsu ya narke kuwa ba sa dawowa. Ruɓa ce da ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa ke kawowa, farin zaren nan da kika gani shi ne shaidarta, kuma takin awaki ne ke ciyar da ita. Ki tsince su da tsinke tare da ƴar ƙasar da ke kewaye da su, ki zubar, don tana yaɗuwa daga wannan zuwa wancan cikin dare ɗaya.

Bari in faɗa miki yadda nake haɗa ƙasa, don a nan aikin yake. Rairayin ƙofar gida ya cika laushi, in ya jiƙa sai ya dunƙule ya hana saiwa numfashi. Ku a Damagaram Allah ya hutar da ku, tunda garin a kan dutse yake. Ki aiki yara gindin duwatsun Birni su ɗebo miki tsakuwar nan da ke marmashewa daga jikin dutse, ko yashi mai gautsi na cikin kori bayan ruwa ya wuce. Ki tankaɗe da rariya ki fitar da manyan, sannan ki wanke ki zubar da ƙurar har ruwan ya fito garau. Awo biyu na wannan, awo ɗaya na baƙar ƙasar gindin itace wadda ganye ya ruɓe a ciki ya gama, ita ma a tankaɗe. Ki daka ɗan gawayi ki zuba kaɗan. Ba taki, ko na awaki ko na zamani.

Sai ki turara ƙasar. Ki jiƙa ta ta yi danshi, ki zuba a tsohon madambaci da kika daina girki da shi, ki ɗora a wuta tururi ya ratsa ta kamar minti 30, ki sauke ki bari ta huce a rufe. Mutanen gida za su yi ta tambayarki me kike dafawa, ki ce musu haka aikin yake. Wannan turarawar ita ke kashe cutar da ta cinye miki na farko, har da irin ciyawa da ƙwan ƙwari.

Mazubi kuwa, ki nemi ƴar roba mai garau mai murfi, irin wadda ake sayar da yawur ko alawa a ciki, ko gindin robar ruwan nan taki, ki wanke da sabulu, ki huda ƙasanta sosai. Zurfin ƙasa yatsa uku ya isa. Kada ki zuba ruwa ta sama. Ki sa robar a cikin faranti mai ruwa, ƙasar ta sha daga ƙasa har ki ga samanta ya yi duhu, sannan ki ɗaga ki bari ta tsane. Ruwan ya zama tafasasshe da ya huce. In kin tara na sama ya fi kowanne, don ruwan wasu rijiyoyinmu akwai kanwa-kanwa, yana barin farin ɓawo a kan ƙasa da ke ƙona ƙananan saiwoyi.

Irin ba a binne shi. Mafi yawansu sai da haske suke tsirowa. Ki barbaɗa a sama, tsakaninsu da ɗan sarari, ki danna a hankali da bayan cokali, shi ke nan. Sai ki rufe da murfin, ko ki sa robar dungum cikin farar leda ki ɗaure baki. Ga abin da zai faranta miki rai: da zarar kin ɗaure, ruwan da ke ciki shi zai yi ta zagayawa, ya hau jikin leda ya zama raɓa ya sauko. Kofi ɗaya na ruwa zai riƙe miki su wata biyu zuwa uku ba ki ƙara ko ɗigo ba. Amma ki kiyaye, leda a rufe in rana ta buge ta ko na awa ɗaya, abin da ke ciki ya dahu. Inuwa mai haske kawai.

Lokacin shuka, ni ina ba da shawarar watan Nuwamba. Irin kaktus ya fi son ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 30, in zafi ya wuce kima da yawansu sai su ƙi tashi. A Nuwamba zafin kaka ya karye, sanyin hunturu bai kankama ba, kuma kin ba su wata huɗu zuwa biyar su yi ƙwari kafin Afrilu. Sauran irin ki nannaɗe a takarda, ki sa a kwalba busasshiya mai murfi, ki ajiye a wuri mafi sanyi a ɗakinki.

Maganar maƙwabciyarki, ki gaishe ta, amma ƙerana daban kaktus daban. Ƙerana, tinya da aguwar da muke shinge da ita dangi ɗaya ne, kuma in kin karya su farin ruwa ke fita, mai ƙona fata, in ya shiga ido kuwa abin ba daɗi. Mafi yawan kaktus ruwansu garau ne, kuma ƙayarsu daga wani ɗan gurbi mai gashi-gashi take fitowa a tattare. In akwai ƙananan yara a gida, ni ba zan ce ki kafa ƙerana a tsakar gida ba.

Ɗalibar Noma, Sabon Gari

Sannu Maman Nafisa, Baba ina wuni. Baba ya gama magana, sai dai ina neman izini in saɓa masa a wuri ɗaya, wato lokaci.

Ni na fi ganin Agusta. A tsakiyar damina zafin rana yana sauka kusa da digiri 32, dare kuma ba ya sanyi, ga ruwan sama a wadace, ga iska mai laima. Wanda aka shuka a Nuwamba, lokacin buɗe masa leda zai faɗo ne a Fabrairu, iska a bushe ƙarau ga ƙura. Kuma daren Disamba da Janairu yana sauka wajen digiri 14 zuwa 15, girma sai ya ja baya. Na san ruɓa ta fi yawa da damina, amma in an turara ƙasa yadda Baba ya ce, an rage wannan. Tunda irin yana hannunki, ki raba biyu, rabi Agusta rabi Nuwamba, kin ga ba ki zuba duka a wuri ɗaya ba.

Ƙari biyu. Kafin ki shuka, ki sayi o-oksijene a farmasi, mai kashi 3 cikin 100 da ake wanke ciwo da shi, ki jiƙa irin a ciki kamar minti 5 zuwa 10, ki ɗauraye. Sau da yawa cutar a jikin ɓawon irin take zuwa. Na biyu, tunda gauraye ne, ba rana ɗaya za su fito ba. Akwai masu tashi cikin kwana 3 zuwa 7, irin su astirofitum mai siffar tauraro, akwai masu kai wata. Kada ki ga wasu sun fito ki ɗauka sauran sun mutu.

In kuma kika ga ƴaƴan sun yi tsawo siriri, kalarsu ta koɗe suna miƙa wuya, to haske ne ya yi kaɗan, ki matsar da su kusa da taga. Kore mai duhu da ɗan jiki a dunƙule shi ake nema.

Wani abin da ke burge ni da tsiron nan, manyan da dare suke buɗe ƙofofin numfashinsu, su shaƙi iskar da suke buƙata su adana, da rana su rufe su yi aiki da ita. Shi ya sa ruwan da suke asara kaɗan ne in aka gwada da gero ko masara. Kuma duk yawansu, iri ya haura 1,500, asalinsu daga nahiyar Amurka ne, in ban da guda ɗaya mai rataye a jikin itatuwa da ake samu a dazuzzukan Afirka masu ruwa. Wato duk wanda kika gani a Nijar, kawo shi aka yi.

Ga wanda ke karanta wannan yana son gwadawa ba shi da iri: in ka samu ɗan itacen nan pitaya, mai jan ɓawo da farin ciki mai baƙaƙen ƙwayoyi, da ake kawowa manyan kantuna, shi ma kaktus ne. Ka ɗebi ƙwayoyin ka wanke yauƙin tas a kan tsumma, ka shanya a inuwa, ka shuka. Cikin mako ɗaya zuwa biyu suke fitowa kuma ba su da saurin mutuwa. Sai dai shi mai hawa ne, ya fi sauran son ruwa da inuwa, kuma daga iri yakan kai shekara 5 ko fiye kafin ya yi ɗa.

Ɗan Tanut

Salamu alaikum. Ni ba mai fure ba ne, kiwo nake yi, amma na ga ana maganar kaktus na kasa wucewa.

Hajiya, in cikin irinki akwai masu ɗan girma, masu faɗi da tauri kalar ƙasa-ƙasa, to na mai faffaɗan ganye ne, opuntiya, wanda ake cin ƴaƴansa a Aljeriya da Maroko. Ki ware su daban. Ɓawonsu da tauri, sai kin goga gefensa a jikin dutse ko takardar goge katako, kin jiƙa kwana ɗaya, kuma duk da haka yana iya kai wata biyu ko fiye. Shi kam ta ganye ya fi sauƙi: a cire ganye ɗaya, a bar shi a inuwa mako ɗaya zuwa biyu bakin ciwon ya bushe, a kafa kashi ɗaya cikin uku a busasshiyar ƙasa.

Abin da ya ja hankalina gare shi abincin dabba ne. A arewa maso gabashin Birazil gonaki guda ake nomawa na marar ƙaya don shanu su ci da rani, kuma ganyen kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, wato dabba ta ci ta kuma sha. A yankin Tigray na Habasha mutane da dabbobi duk sun dogara da shi a lokacin ƙarancin abinci. Mu da muke sayar da dabba a wulaƙance duk ƙarshen rani saboda rashin ciyawa, wannan abin dubawa ne. Ba ya isa shi kaɗai, sai an haɗa da harawa ko dusa, in ba haka ba dabba ta yi zawo.

Amma a yi hattara da mai ƙaya. A Ostareliya ya kuɓuce ya mamaye fili wajen kadada miliyan 24 kafin 1925, manoma suka bar gonakinsu, sai da aka kawo wani ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi daga Ajantina wanda tsutsarsa ke cinye shi, aka sake shi a 1926. A Maroko kuma akasin haka ya faru, wani farin ƙwaro ya shiga a 2014 ya halaka gonaki masu yawa. Don haka wanda zai shigo da ganye daga waje ya duba shi da kyau, kuma kada a riƙa jefar da guntayensa a bola ko bakin kori, duk inda ya faɗi kamawa yake.

Sannan ki yi hankali da ƴan ƙananan ƙayoyinsa masu laushi da ba a gani sosai. In sun shiga hannun yaro, a manna salatif a fizge, kada a murza.

Maman Nafisa, Garin Malam

Kai, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara sani. Baba na sauke su, suna ƙarƙashin rumfa yanzu a kan kujera ƴar tsugune, na tsince waɗanda suka ruɓe. Na duba irin da ya rage, lallai akwai masu faɗin nan da Malam na Tanut ya faɗa, na ware su. Ƙanwata, zan bi shawararki in raba biyu.

Saura abu ɗaya Baba. Waɗannan da suka tsira suna cikin tsohuwar ƙasa mai taki. In cire su in mayar cikin sabuwa, ko in bar su? Kuma in rufe su da leda yanzu? Sannan na ga kiyashi suna hawa robar.

Baba Mai Lambu, Miriya

Madalla ƴata. Ɗalibarmu ta yi gaskiya a kan iskar Fabrairu, raba biyun shi ne daidai. Ni abin da ke sa ni tsoron Agusta a nan Miriya laimar lambu ce, ku a cikin gari ba ta kai haka ba.

Kada ki tumɓuke su yanzu, saiwar ba za ta jure ba. Kada kuma ki ɗaure su a leda, tunda cutar ta riga ta shiga ƙasar, rufewa zai ƙara mata ƙarfi. Ki barbaɗa wankakkiyar tsakuwa siririya a tsakaninsu har ta kewaye wuyan kowanne, don wuyan ya zauna a bushe saiwa kuma a danshi. Ki yafa musu ƙyallen gidan sauro ninki biyu, yana rage haske, yana tare ƙura da ƙadangaru. Ruwa ta ƙasa, a faranti, duk lokacin da kika ga saman ya fara haske, kada ki jira ya bushe ƙaƙas. A zafin nan zai iya zama kowane kwana biyu, da yamma.

Kiyashi kuwa ki ɗauke su da muhimmanci, suna kwashe irin da bai tsiro ba, kuma su ke kawo farin ƙwaron nan mai auduga-auduga da ke tsotse tsiro. Ki sa ƙafafun kujerar a cikin gwangwanaye masu ruwa, ko ki zagaye da toka. In kin ga ƙwaron, ki naɗa auduga a tsinke, ki tsoma a alkol na farmasi ki taɓa shi.

Na sabuwar shuka, in sun kai wata biyu zuwa uku kika ga ƴan ƙayoyi farare sun fito a kansu, sai ki fara buɗe ledar kaɗan-kaɗan: yau ki huda ƙofa ɗaya, bayan kwana uku ki ƙara, har mako biyu zuwa uku kafin ki cire gaba ɗaya. Dashe sai sun kai kamar santimita 1 ko sun fara matse juna, sau da yawa bayan shekara. Ki ɗago su da cokali tare da ƙasarsu, ki dasa a busasshiyar ƙasa, ki yi kwana huɗu zuwa biyar kafin ki ba su ruwa, don saiwar da ta karye ta warke. Ƙananan tukwanen ƙasa namu na Miriya sun fi roba a wannan matakin, suna shan iska kuma ba sa ɗaukar zafi, sai dai ki sa maginin ya huda miki gindinsu tun suna ɗanye. Bazararsu ta farko da ta biyu duk a inuwa za su yi ta, ranar safe kawai zuwa ƙarfe 9.